Konosuke Matsushita, yaron shagon keke da ya kafa kamfanin National

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau mun leƙa ƙasar Jafan ne domin mu kawo muku labarin wani mutum wanda da yawanmu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa mun ci abinci da kayansa shekara da shekaru. Duk ɗan kasuwar da ya yi harkar kayan wuta a Garwa ko Marwa, ko ya yi safara tsakanin Yola, Mubi, Banki da Kusuri a shekarun 1970 da 1980, ya san darajar rediyon National. Mai saye kan juya akwatin ya duba sunan tukuna kafin a shiga maganar kuɗi. Da shi makiyayi ke shiga daji a rataye a kafaɗa, da shi kuma dattawa ke kama Rediyo Garwa da Rediyon Kaduna da Sashen Hausa na BBC a gajeren zango. Wanda ya saba zama wurin masu gyaran rediyo a Dougoï ya san yadda tsofaffin masu gyara ke yabon aikin cikinsa idan suka kwance shi. To wane ne ya kafa wannan suna, kuma yaya aka yi jama'a suka amince da shi haka?

Sunansa Konosuke Matsushita. An haife shi ranar 27 ga Nuwamba 1894 a wani ƙauye na yankin Wakayama, kudu da birnin Osaka, kuma shi ne auta a cikin 'ya'ya takwas. Gidansu gidan rufin asiri ne, masu gonaki, har zuwa 1899 lokacin da mahaifinsa ya zuba dukiyarsa a cinikin shinkafa irin na jiran farashi ya hau. Farashin bai hau ba, ya karye, gona da gida suka salwanta. Yana ɗan shekara 9 aka cire Konosuke daga makarantar firamare, aka sa shi a jirgin ƙasa shi kaɗai zuwa Osaka a 1904, ya zama yaron shago a wurin wani mai sayar da kaskon gawayi na jin ɗumi. Bayan 'yan watanni ya koma shagon kekuna na Godai, inda ya yi fiye da shekara biyar yana shara, yana goge kekuna, yana koyon aikin ƙarfe da gyara.

Tun a wannan shago aka fara ganin idonsa na ciniki. Masu kawo gyara kan aike shi sayen taba, abin da ke katse masa aiki sau da yawa a yini. Sai ya lura cewa wanda ya sayi kwali 20 a tashi ɗaya ana yi masa gyaran ɗaya, don haka ya riƙa saye da yawa da ɗan kuɗinsa yana ajiyewa. Mai son taba ya samu nan take, shi kuma ya ci ribar gyaran. Talauci da ciwo kuwa ba su ƙyale danginsa ba, domin kafin ya cika shekara 30 iyayensa biyu da 'yan'uwansa bakwai duk sun rasu, shi kansa kuma ya yi ta fama da ciwon huhu da raunin jiki har tsufansa.

Ganin taragon lantarki na kai da kawowa a titunan Osaka ne ya sa ya fahimci cewa zamanin wutar lantarki ya ƙaraso. A 1910 ya bar shagon keke ya kama aiki a kamfanin wutar lantarki na Osaka a matsayin mai taimaka wa masu ja wa gidaje waya. Ya yi saurin ƙwarewa, har ya zama sufeto yana da shekara 22. A 1915 ya auri Mumeno Iue. A lokacin hutunsa ya ƙera wani soket na kwan fitila da yake ganin ya fi wanda ake amfani da shi, amma da ya nuna wa shugabansa sai aka yi watsi da shi. A 1917 ya ajiye aikin albashi, da jarin da bai kai yen 100 ba, ya fara ƙera soket a ɗan ɗakin hayarsa.

Farkon lamarin bai yi daɗi ba ko kaɗan. Soket ɗin ya yi kwantai, abokan aikinsa biyu da suka biyo shi suka kama gabansu, matarsa ta riƙa kai tufafinta jingina domin a samu na cefane. Wanda ya rage tare da su shi ne ƙanen matar, wani saurayi mai suna Toshio Iue. Abin da ya cece su a ƙarshen 1917 shi ne odar faranti 1,000 da ake sa wa a gindin fanka, wadda suka cika a kan lokaci har aka ƙaro musu wata. Da wannan ribar suka kama gida mai ɗan faɗi, kuma ranar 7 ga Maris 1918 su uku suka buɗe masana'antar Matsushita. Sun fara da filogi mai araha da kusan kashi 30 cikin ɗari a kan na kasuwa, sannan soket mai baki biyu. A lokacin gidajen talakawa da yawa wuri ɗaya tak ake ja musu wuta, na kwan fitila, don haka soket mai baki biyu ya ba uwargida damar kunna fitila da dutsen guga a tare.

Abin da ya fara fito da sunansa shi ne fitilar keke. Masu keke a wancan zamani kyandir ko fitilar mai suke amfani da ita, iska kuwa ta kashe ta. Masu batir da ake da su awa biyu ko uku suke yi su mutu, don haka jama'a suka ɗauke su kayan banza. Matsushita ya shafe wajen wata shida yana gwaji, a 1923 ya fito da wadda ke ci awa 30 zuwa 40. Amma da ya kai wa 'yan sari sai suka ƙi karɓa, domin sun riga sun yanke ƙauna da fitilar batir. Kaya suka taru masa, batir kuwa ba ya jiran mai saye. Sai ya ɗauki mutum uku suka riƙa zaga shagunan kekuna na Osaka, su ajiye fitilu ba tare da karɓar ko sisi ba, su kunna ɗaya su bar ta tana ci a gaban mai shago. Sharaɗin shi ne sai mai shago ya gani da idonsa, ya sayar, sannan ya biya. Gani ya kori ji. Ba a daɗe ba 'yan sarin da suka ƙi kayan suka dawo suna nema. A 1927 ya fito da wata fitila mai kusurwa huɗu da za a iya riƙewa a hannu, kuma ita ce ta fara ɗaukar sunan National, wato abin da ya zama na al'ummar ƙasa baki ɗaya.

A ƙarshen 1929 tattalin arzikin duniya ya durƙushe, cinikin kamfanin ya ragu da fiye da rabi, sito ya cika. Manyan ma'aikatansa suka same shi a kwance ba lafiya da shawarar a sallami rabin ma'aikata. Bai yarda ba. Ya ba da umarnin a rage aikin masana'anta zuwa rabin yini, a biya kowa cikakken albashi, amma kowa ya fita tallar kayan da suka taru har a ranakun hutu. Cikin kimanin wata biyu sito ya zama wayam, aka koma cikakken aiki.

Yanzu sai mu zo kan rediyo, wanda shi ne ya fi shafarmu. An fara watsa shirye-shiryen rediyo a Jafan a 1925, kuma akwatunan wancan lokaci da bawul suke aiki, wato wasu ƙwayayen gilashi masu kama da kwan fitila. Lalacewa kuwa kamar ɗabi'arsu ce. Shi kansa Matsushita rediyonsa ya sha mutuwa daidai lokacin da yake son jin wani shiri. Dillalansa suka matsa masa ya shiga harkar, don haka a 1930 ya haɗa gwiwa da wani mai ƙera rediyo da ake yabon aikinsa, suka fara sayarwa ta hannun shagunan da ke karɓar kayan National. Nan da nan kaya suka fara dawowa jibgi jibgi, dillalai suna ƙorafin ya zubar musu da mutunci a wurin abokan cinikinsu.

Da aka bincika sai aka gano dalilin. A da, shagunan ƙwararrun masu rediyo ne ke sayar da waɗannan akwatuna, kuma kowane ɗaya sai sun buɗe shi sun ɗaure abin da ya kwance a hanya, sun daidaita shi, kafin su miƙa wa mai saye. Masu shagunan Matsushita kuwa 'yan kasuwa ne masu sayar da fitila da soket, ba su san cikin rediyo ba. Ko ƙusa ɗaya ce ta saki, ko bawul ya ɗan goce, a wurinsu rediyo ya mutu. Abokin haɗin gwiwar tasa ya ba da shawarar a koma sayarwa ta hannun ƙwararru kawai. Matsushita ya ƙi, domin a ganinsa laifin na rediyon ne, kuma aikin mai ƙira shi ne ya fito da akwatin da kowane mai shago zai ciro daga kwali ya kunna ya yi magana. A kan haka suka rabu, ya ɗauki asarar.

Sai ya ɗora wa injiniyansa Tetsujiro Nakao wannan aiki, mutumin da bai taɓa ƙera rediyo ba. Cikin wata uku Nakao da mutanensa suka fito da akwati mai bawul uku, wanda a 1931 ya zo na ɗaya a gasar da gidan rediyon Tokiyo ya shirya. Aka sa masa farashin yen 45, a lokacin da ake sayar da na wasu a kan 25 zuwa 30. Dillalai suka yi kukan tsada, shi kuma ya tsaya a kan cewa dole kaya ya fitar da kuɗin aikinsa da riba madaidaiciya ga mai ƙira da mai sayarwa. Rediyon bai kama kasuwa nan take ba, sai da aka yi 'yan shekaru ana gyara ƙira ana rage farashi, amma zuwa farkon shekarun 1940 kamfaninsa ne kan gaba a ƙera rediyo a Jafan. A 1932 kuma ya sayi haƙƙin mallakar wata fasahar rediyo da mai ita ke takura wa masu ƙira da shi, ya sake ta kyauta ga kowa har da abokan gasarsa.

Mu da muke nesa da tashar jiragen ruwa mun fi kowa sanin amfanin wannan tsayin daka. Rediyon da aka sauke a Duwala ko Ikko, ya sha jijjiga a bayan babbar mota kwana da kwanaki, ya sha ƙurar hunturu da zafin bazarar Garwa, daga nan ya wuce ƙauyen da babu mai gyara, idan ba mai ƙwari ba ne to a wuyan ɗan kasuwar da ya sayar da shi zai dawo. Abin da aka yanke a Osaka a 1931 shi ne ya sa bayan shekara arba'in ɗan tebur a kasuwar kan iyaka ke iya sayar da National hankalinsa kwance.

Ranar 5 ga Mayu 1932 ya tara ma'aikatansa 168 ya bayyana musu manufarsa. Ya kawo misali da ruwan famfo, wanda ko baƙo ya tsaya ya sha a bakin hanya ba mai kiran sa ɓarawo, saboda yawansa da arharsa. A fahimtarsa, aikin mai masana'anta shi ne ya wadata jama'a da kayan amfani masu kyau har su yi araha kamar haka, ta yadda za a rage talauci, kuma ya ɗiba wa wannan buri shekara 250. A 1933 ya mai da hedikwatar kamfanin Kadoma, ya raba shi sassa uku, kowane sashe da shugabansa da lissafin ribarsa. Rashin lafiyarsa na cikin abin da ya koya masa sakin ragama ga na ƙasa da shi.

Tarihinsa yana da nasa tabon. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kamfaninsa ya yi wa sojan Jafan aiki, ya ƙera musu jiragen ruwa na katako 56 da 'yan jiragen sama na katako da ba su kai biyar ba. Da Jafan ta sha kaye a 1945, hukumar mamaya ta Amurka ta sa shi cikin jerin manyan masu dukiyar da za a karya, ta ƙwace ikon taɓa kadarorinsa, ta kuma nemi raba shi da kujerarsa. Abin mamaki, ƙungiyar ƙwadagon kamfanin ce ta tashi ta tara sa hannun mutum wajen 15,000 tana roƙon a bar shi, a daidai lokacin da ma'aikatan wasu kamfanoni ke neman a kori iyayen gidansu. A 1947 aka janye korar, amma sauran takunkumin sai 1950 aka gama ɗage shi, bayan bashi ya yi masa katutu har jaridu sun sa shi a sahun gaba na waɗanda suka kasa biyan haraji. A cikin wannan hali ne surukinsa Toshio Iue ya fita ya kafa nasa kamfanin a 1947, wanda shi ma mun san shi sarai, wato Sanyo.

Yana da shekara 56 ya sake ɗaura ɗamara. A 1951 ya ziyarci Amurka ya ga nisan da aka yi musu, a 1952 kuma ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Philips na Holand domin samun fasaha. Da Philips ya nemi ladan fasaharsa, shi ma ya nemi ladan iya tafiyar da kamfani, aka daidaita a kan kashi 4.5 cikin ɗari nasu, kashi 3 nasa. Sunan Panasonic ya fara fitowa ne a 1955 a kan lasifikokin da ake kai wa Amurka, domin a can wasu sun riga sun yi rajistar sunan National. Ya kamata mu faɗa cewa ba shi ya ƙirƙiro transisto ba, wato ƙwayar da ta maye gurbin bawul ta sa rediyo ya ƙanƙance ya koma cin batirin tocila. An gano ta ne a Amurka a 1947, kuma Sony ya riga shi fito da irin wannan rediyo a Jafan a 1955. Har abokan gasa kan yi wa kamfaninsa shaguɓe da sunan Maneshita, ma'ana mai kwaikwayo. Ƙarfinsa yana wajen inganta abin da aka ƙirƙiro, ya ƙera shi da yawa, ya kai shi ƙofar mai saye ta hanyar dubban ƙananan shaguna. A 1961 ya buɗe masana'anta a Tailan, a ƙarshen shekarun 1960 kuma masana'antar batir ta fara aiki a Darussalam ta Tanzaniya.

Akwai wani taro da ya kamata kowane uban gida a kasuwa ya san labarinsa. A 1964, bayan ya bar kujerar gudanarwa ga mijin 'yarsa tun 1961, kasuwar kayan wuta ta tsaya cik a Jafan. A watan Yuli ya kira shugabannin kamfanonin sari da dillalai 170 zuwa garin Atami, inda ya gano cewa kusan 20 ne kawai ke cin riba. Dillalai suka zargi kamfanin da jibga musu kayan da ba su nema ba, shi kuma da farko ya zarge su da sakaci. Taron da aka shirya yi cikin kwana biyu sai da ya kai na uku. A ƙarshe dattijon, yana dab da shekara 70, ya tsaya a gabansu da hawaye ya ɗauki laifin a kan kamfaninsa, ya tuna musu yadda suka tallafe shi tun yana ƙaramin mai ƙira. Bai tsaya a ban haƙuri ba. Ya koma ofis ya riƙe sashen ciniki da kansa, ya ware wa kowane kamfanin sari yankinsa, ya rage cinikin takardar bashi aka koma biyan kuɗi hannu. A 1965 kuma ya mai da aikin mako kwana biyar, tun kafin yawancin kamfanonin ƙasar.

Wannan kare dillalai da yake yi yana da ɓangaren da masu saye ba su ji daɗinsa ba. Ba ya son a karya farashin da ya sa, don haka da babban kantin Daiei ya fara sayar da kayansa da ragin kashi 20 cikin ɗari a 1964, sai ya yanke masa kaya, rigimar da ba a sasanta ba sai bayan rasuwarsa, cikin shekarun 1990. A 1970 ƙungiyoyin mata da na masu saye a Jafan suka ƙaurace wa talabijin mai launi saboda bambancin da ke tsakanin farashin da aka rubuta da wanda ake sayarwa a zahiri, har sai da kamfanin ya sauko da farashi. Mutumin da ya yi wa'azin arhar ruwan famfo, ga shi ana tuhumarsa da tsada. Wannan ja-in-ja tsakanin ribar mai shago da aljihun mai saye ba baƙon abu ba ne a kasuwanninmu.

A 1973 ya yi ritaya ya zama mai ba da shawara, amma ana jin maganarsa. Shi ne ya goyi bayan kaset ɗin bidiyo na VHS, wanda kamfanin JVC da ke ƙarƙashinsu ya fitar a 1976, a kan Betamax na Sony, kuma a kan wannan kaset ne finafinan Hausa na Kano suka tashi a shekarun 1990. A 1978 jagoran ƙasar Sin Deng Xiaoping ya ziyarci masana'antarsa ta talabijin ya nemi taimakonsa, ya amsa, ya je Sin a 1979, kuma a 1987 suka kafa masana'antar haɗin gwiwa a Beijin. A 1979 ya zuba dukiyarsa ya kafa makarantar horar da matasa shugabanci. Ya rasu ranar 27 ga Afrilu 1989 yana da shekara 94. A ranar 1 ga Oktoba 2008 kamfanin ya koma amsa sunan Panasonic, aka yi ritayar sunan National, daga baya kuma ya haɗiye Sanyo.

'Yan'uwa 'yan kasuwa, yau wayar hannu ta karɓe rabin aikin rediyo, kuma kayan da ke cika shagunanmu yawanci daga Sin suke zuwa, masu kyau da marasa kyau a haɗe. Mun kuma san akwai kayan jabu da ake manna wa sunayen manyan kamfanoni, wani lokaci a sauya harafi ɗaya domin a ruɗi wanda bai iya karatun boko ba. Ɗan jabu yana cin moriyar amanar da wani ya shafe shekara saba'in yana ginawa, kuma idan kayan ya mutu bayan mako biyu, mai saye bai san mai masana'anta ba, fuskar mai shago ya sani. Saboda haka idan kaya mai araha ne na ɗan lokaci, a gaya wa mai saye tun kafin ya biya, a gwada masa a gabansa, ya zaɓa da saninsa. Masu sari kuma su ji tsoron Allah game da ƙananan 'yan kasuwar da ke karɓar kaya a hannunsu, kada su tura musu abin da suka san zai dawo.

Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya ba mu zaman lafiya a kan iyakokinmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.